Ranar da Kawu Ya Yi wa Birkina Magani

Akwai abubuwan da suka same ni na manta da su tun kafin shekara ta zagayo. Amma safiyar da na ɗauko mahaifiyata daga ƙauyenmu na yankin Deule zan kai ta Madawa, cikin motar da ta daina kuka ban san dalili ba, wannan kam ina jin har in koma ga Allah tana nan a raina.

A lokacin ina aiki a gidan rediyo a Madawa, ina da wata tsohuwar mota da na saya a hannu. Ba ta da kyan gani, amma tana kai ni gida ta dawo da ni. Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba a jikinta, shi ne birki. Ƙauyenmu a kan tudu yake, kuma duk wanda zai sauko sai ya bi wata gangara mai duwatsu wadda take lanƙwasa a tsakiya, gefe ɗaya dutse, ɗaya gefen rami. Ni kaɗai nakan sauko ta a hankali ina salati. Amma a wannan karon ba ni kaɗai ba ne. Yanar ido ta rufe wa Inna gani har ta kai ba ta gane mutum sai da muryarsa. Wasu likitocin ido sun zo Madawa na ɗan lokaci, an duba ta, aka ce a kawo ta ranar ƙarshe ta aikinsu kafin azahar, domin washegari za su duba waɗanda aka yi wa aiki su kama hanya. In ta rasa wannan rana, babu wanda ya san lokacin da za a sake samun irinta.

Saboda haka na ce ba zan sauko da Inna a kan wancan birki ba. Na kai motar gareji, na sa aka canza na gaba gaba ɗaya: faifan ƙarfen nan da ke juyawa tare da taya, da kuma plaket, wato ƴan guntayen da ke matse faifan idan an taka birki. Na zaɓi masu ƙarfi, waɗanda aka ce sun fi na asali kamu. Kuma gaskiya ne. Ina taɓawa motar take tsayawa cak. Sai dai tun kafin in fita daga unguwar garejin ta fara wata ƙara.

Aikin rediyo ya koya mini sauraro, don haka na tsaya na saurare ta da kyau. Siririya ce, mai shiga haƙori, kamar ana jan ƙusa a bayan kwanon sha. Daga gaba take fitowa. Idan na taka da ƙarfi ba ta yi, sai in na taka a hankali motar tana dab da tsayawa. Na koma na bayyana wa makanikin haka dalla-dalla. Ya ce sababbi ne, ba su saba da juna ba, in fita bayan gari in yi ta takawa ina saki har su zauna. Na yi. Ƙarar ba ta ragu ba. A kan hanyata ta zuwa gida na tsaya Buza, wani makanikin ya ce ƙura ce, ya hura musu iska, ya leƙa ko wani ɗan tsakuwa ya maƙale a bayan faifan, bai ga komai ba. Da na tashi tafiya ta yi mana ƙara tun a bakin garejinsa, ya ɗaga kafaɗa ya ce tunda tana kamawa in bar ta. Ni ma haka na yanke. Abin da nake bukata shi ne ta tsaya, kuma tana tsayawa. Kukan kuwa na ce in mun gama da idon Inna na neme shi.

Na isa ƙauye bayan la'asar. Ban yi sallama ba motar ta yi mini. Jakin da ke ɗaure a ƙofar gida ya fizge igiya, kaji suka watse, Inna daga cikin gida ta ce a je a ga ko wa ake yankawa.

A zaure na tarar da Kawu, yayan Inna. Manomi ne, yana da lambu a fadama, da amalanke, da injin ban ruwa. Mutum ne da ba ya iya zama kusa da abin da ke ƙara. Ƙyauren da ya yi kuka, ƙafar amalanke, ƙarfen jan guga a bakin rijiya, ko na wane ne, sai ya ɗiga masa mai. Yana da wata kwalba ta baƙin mai, irin wanda ake juyewa daga inji, rataye a ƙusa cikin zaurensa, kuma duk ƙauyen an san ta. Bayan mun gaisa ya fito ya zagaya motar, hannuwa a baya.

“Wagga mota taka ba ta da lahiya,” in ji shi.

Na ce, “Lafiyarta lau, Kawu. Birki ne sabo.”

“Daga ina take kukan?”

Na nuna masa tayoyin gaba. Ya sunkuya ya leƙa ta ramukan ƙarfen tayar, ya daɗe yana kallo.

“Ƙishirwa take ji,” ya ce.

Na yi dariya, shi ma ya yi, muka shiga gida. Ban ƙara tunanin maganar ba. Ni a wurina wasa ne irin na dattijo. Shi kuwa, kamar yadda na gane daga baya, ya gama duba marar lafiya ne ya faɗi cutarta.

Da safe bayan sallah muka shirya. Aka kamo hannun Inna aka zaunar da ita a baya, Kawu ya shiga gaba da hularsa ta zuwa birni, domin ya ce ba za a yanka idon ƙanwarsa ba ya nan ba. Daga ƙauyen zuwa bakin gangara fili ne, rairayi da gonakin da aka girbe, mutum ba ya bukatar birki, sakin totur kawai ya isa. Sau ɗaya na ɗan taɓa shi saboda wasu tumaki, kuma na lura ba a yi ƙara ba. Na ji daɗi. Na ce a raina ashe makanikin yana da gaskiya, sun zauna. Na kuma lura Kawu yana ta murmushi yana kallon gonaki, amma ban haɗa biyun ba.

Inna ce ta haɗa su. Tun da idonta ya rufe, kunnenta da hancinta suka karɓi aikin.

Ta ce, “Yaya, mi ka yi ma motar yaron ga da asuba? Na ji ka kana kewayenta, na kuma ji ƙarar kwalbar nan taka. Ga ma warinta nan.”

Kawu ya ce, “Ke dai ba a ɓoye miki komi.”

“To mi ka yi?”

Ya juyo ya dube ni, fuskarsa cike da jin daɗi. “Ban so in hwaɗa ba, don ba abin hwaɗi ba ne. Mai na ba ta. Ta ramukan nan na ɗura mata, dama da hagu, har sai da ya ɗiga ƙasa. Ba ka ji ta yi shiru ba?”

Na ɗaga ƙafa daga kan totur. Na taka birki.

Har yau ƙafata tana tuna abin da ta ji. Birkin yana da tauri kamar kullum, bai nutse ba, amma motar ta ci gaba da tafiya kamar ba da ita nake ba. Na ƙara dannawa. Ta ɗan rage gudu, don na baya ba a taɓa su ba, sai dai ba irin ragewar da za ta tsayar da mu ba. A gabana ina hango inda hanya take ƙarewa sama ta fara, wato kan gangara. Na mayar da giya ƙasa, injin ya yi gurnani, na ja birkin hannu a hankali don kada bayanta ya juya, na karkatar da ita cikin wata gona. Ta tattake karan dawa, ta nutsa cikin rairayi, ta tsaya. Na kashe inji. Wani wari na ƙonannen mai ya cika motar.

Daga inda muka tsaya, in mutum ya jefa dutse zai faɗa cikin gangarar.

Inna ta ce, “Mun iso ne?”

Na ce, “A'a, Inna. Mun tsaya.”

Na fita na durƙusa na leƙa. Faifan da na saya yana walƙiya jiya, yau baƙi ƙirin, mai yana bin bayan taya. Kawu ya fito ya tsaya a kaina. Na miƙe na bayyana masa cewa birki ba kamar ƙafar amalanke ba ne. Ƙafar amalanke ana so ta sulɓe. Birki kuwa aikinsa ke nan ya ƙi sulɓewa. Ya dubi tayar, ya dubi gangarar, ya dubi ƙanwarsa a cikin mota. Na ga lokacin da maganar ta isa gare shi. Ya cire hularsa, ya je gindin wata aduwa ya zauna.

Akwai magana a bakina, kuma ba mai daɗi ba ce. Inna ta kira ni ta taga, ta laluba ta kama hannuna.

“Kar ka ce mai komi,” ta ce a hankali. “Abin da za ka hwaɗa ya riga ya hwaɗa ma kanshi. Nemi yadda za mu tahi.”

Yadda za mu tafi ɗin ne ban gani ba. Waya ba ta kamawa a wurin. Ba ranar kasuwa ba ce, don haka mota ba ta cika bi ba. Ina da abin ɗaga mota da na kwance taya, amma ba ni da maɓallin da zai buɗe gidan birki. Rana tana hawa, ni kuma ina lissafin nisan Madawa ina tuna kalmar nan, kafin azahar.

Ina cikin haka muka ji inji yana hawowa daga ƙasa. Wata buɗaɗɗiyar mota ce ta ɗaukar albasa, babu kaya, direban wani mutum ne mai ƙiba da rawani a wuya. Ya ga mota a cikin gona ya tsaya tun ban ɗaga hannu ba. Ya gaida Inna, ya gaida Kawu, sannan ya durƙusa ya shafa faifan da yatsa ya shinshina.

“Wa ya yi wanga aiki?”

Kafin in buɗe baki Kawu ya ce daga gindin aduwa, “Ni ne.”

Direban ya dube shi, ya dube ni, ya gane komai. Ya ce, “Baba, ka ciyar da ita, sai dai ba nan ne bakinta ba.” Ya faɗe ta ne da taushi, har Inna ta yi ƴar dariya. Sannan ya je ya ɗauko akwatin kayan aikinsa.

Muka ɗaga motar, muka cire taya, ya kwance gidan birki ya zaro plaket. Sun sha mai sun ƙoshi. Ya ce faifan zai wanku, ƙarfe ne, amma waɗannan ko an wanke su, da sun yi zafi man zai sake fitowa. Ni ma na san haka. Sai ya tambaye ni ina tsofaffin. Mu nan ba a jefar da abin da aka cire daga mota. Makanikin farko ya sa mini su a kwalin sababbin ya ajiye a bayan mota, ni kuwa ban ko duba ba. Na ɗauko. Sun ci, amma da saura a jikinsu, wanda zai kai mu Madawa har ya yi rara.

Yana goge su sai ya tsaya. Ya sa bakin sukudireba a bayan ɗaya ya ɓamɓaro wani siririn falle na ƙarfe, wanda tsatsa da ƙura suka manne shi har ya zama kamar jikin plaket ɗin ne. Ya ɗauko sabon ya juya bayansa. Babu komai.

“Ga mai kukanka,” ya ce. “Wanga ɗan hwalle shi ka zama tsakani, ya hana ƙarhe rawa bisa ƙarhe. An cire tsohi an tahi da shi, an sa sabbi tsirara.”

Na karɓa na juya shi a tafin hannuna. Bai kai kaurin murfin gwangwani ba. Makanikai biyu da ni mun nemi wannan ƙara a ƙura, a tsakuwa, a sabunta, alhali dalilinta yana kwance a bayan motata cikin kwali, muna yawo tare.

Saura wanke faifai. Direban ya tsiyayo ɗan fetur ya fara gogewa da tsumma, ya ce amma ana bukatar sabulu da ruwan zafi don kada maiƙo ya rage. Muka ɗaga kai, Kawu ba ya gindin aduwa. Can muka hango shi yana dawowa daga wasu bukkoki da ke gefen gonakin, da sauri irin wanda ban taɓa gani a jikinsa ba, yana ɗauke da tukunya tana tururi, wata mata tana biye da shi da ƙwaryar toka da garin sabulu. Matar ta ce da toka suke cire maiƙon tukunyar suya, ba ta ga abin da zai hana ta cire na mota ba. Kawu ya naɗe hannun rigarsa ta zuwa birni, ya durƙusa a ƙasa. Na ce ya bari in yi. Bai ko dube ni ba. Ya dirje faifan nan ciki da waje, a ɗauraye, ya sake dirzawa, direban yana shafawa da farin ƙyalle yana cewa da saura, har sai da ƙyallen ya fito fari. Sannan muka koma ɗaya gefen.

Da muka mayar da komai, muka turo motar kan hanya, na gwada ta ni kaɗai a fili, gaba da baya. Da farko ta yi ɗan santsi, sannan ta fara kamawa, har ta koma tsayawa yadda na sani. Babu ƙara. Amma wannan karon shirun bai kwantar mini da hankali ba, kuma direban ya gani a fuskata.

Ya ce, “Bari in juya. Ni ina gaba, kai kana baya, kusa da ni. In ta ƙi tsayawa ka jingina da ni, bayan motata ya saba da duka. Inna ta shigo wurina.”

Na ce ai hanyarsa gaba take, ana jiransa da kaya. Ya ce albasa ba ta da ƙafa.

Aka mayar da Inna gidan gaba na motarsa. Na ce Kawu ma ya bi su. Ya buɗe ƙofar motata ya zauna.

“Ni na ɓata, nan zan zamna,” ya ce. “Nuna min wancan da ka ja ɗazu.”

Na nuna masa birkin hannu. Ya ɗora hannunsa a kai, toka da baƙin mai har gwiwar hannu, bai ɗauke ba har muka sauka. Mun sauko kamar masu rakiyar amarya, giya ta ɗaya, ina taɓa birki ina saki. A lanƙwasar nan na taka da gaske, motar ta amsa. Ban taɓa bayan motar direban ba ko sau ɗaya. Da muka kai ƙasa direban ya kamo hannun Inna ya dawo da ita, ta yi masa addu'a mai tsawo, yana amin yana ja da baya. Ina cikin godiya ya riga ya juya ya kama hawa. Ban san garinsu ba. Na sha tsayawa wuraren lodin albasa a wajen Tama ina duba fuskoki, ban sake ganinsa ba.

Mun shiga Madawa rana ta kusa tsaka. Mutane ƙalilan suka rage a layin asibiti, kuma Inna tana cikin na ƙarshe da aka shigar. Ni da Kawu muka zauna a kan benci. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Da ba ta tambaya ba, da ban hwaɗa ba.” Na ce, “Amma ta tambaya, kai kuma ka faɗa.” Iyakar abin da muka taɓa cewa a kan maganar ke nan.

Washegari aka cire mata auduga daga idon da aka yi wa aiki. Ta yi ta ƙifta shi, ruwa yana zuba. Ta dube ni, ta shafa fuskata, sannan ta juya ga yayanta ta daɗe tana kallo.

“Yaya, ashe haka ka tsuhwa?”

Ya ce, “Bari a kawo miki madubi, sannan mu yi magana.”

Har ma'aikaciyar da ke tsaye sai da ta yi dariya. Kawu kuwa yana dariya yana share ido da bakin riga.

Daga baya na sa aka sake sa wa motar sababbin plaket, wannan karon da fallayen a bayansu, kuma ba ta ƙara kuka ba har na sayar da ita. Makanikin farko da na nuna masa fallen ya riƙe baki, ya ce wallahi bai lura ba, na kuma yarda da shi.

Kawu ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Inna tana nan, tana tsince shinkafa da kanta. In na tuna wannan safiya ba fushi nake ji ba, godiya ce: ga Allah da ya sa maganar ta fito muna kan fili, ga Inna da ta ji abu ta tambaya, ga mutumin da ya juya motarsa saboda baƙin da bai sani ba, har da Kawu, wanda ya tashi tun duhu don ya sauƙaƙa wa ɗan ƙanwarsa, kuma da aka tambayi mai laifi bai bari wani ya amsa ba.

Abin da na koya shi ne, idan abu ya yi ƙara yana da dalili, kuma idan ya yi shiru ma yana da dalili. Da ƙarar kaɗai nake bincike, shirun kuwa in karɓe shi da murna. Yanzu, ko a mota, ko a wurin aiki, ko a cikin gidana, in matsalar da ta dame ni ta ɓace ban san yadda aka yi ba, ba na cewa an huta. Nakan tsaya tun ina kan fili, in tambayi wanda ya taɓa ta da abin da ya yi mata, kuma in yi tambayar da muryar da za ta sa ya iya faɗa mini gaskiya.